Waken da Ba a Ci Ba a Horo Birni

Mun tashi daga Sakkwato bayan sallar asuba, ni da direba, da akwatin ƙarfe a tsakanin ƙafafuna. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, tayoyin motar ofis duk faci, sau biyu muna tura ta kafin Bodinga. A can muka karya da koko da ƙosai. Mai suyar ta rantse ba ita ta rage wa ƙosan girma ba, wake ne ya yi tsada.

Ni ma waken ya fito da ni. Aikina a ɗakin gwaji shi ne yi wa maganin ƙwari shaida. Nakan haɗa shi da wani irin sinadarin kabon mai fitar da haske wanda ido ba ya gani sai na'ura, don in bi sawunsa duk inda ya shiga a jikin shuka. Da damina na fesa shi a kunya uku ta wake a gonar wani tsoho a Horo Birni, muka kewaye da ƙaya, na roƙe shi kada mutum ko dabba ya ci. So nake in san ko maganin yana kaiwa cikin ƙwayar.

Da muka bar kwalta a Shagari, na ga halin da gonaki ke ciki. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. Wa zai bar wake a gona bana?

Na iske tsohon a gindin aduwa, ya rame. Kunyoyin nan uku kaɗai suka yi 'ya'ya, kuma ko kwanso ɗaya ba a tsinka ba. Matarsa ta ce da tulu yake kai musu ruwa, ya yini yana korar awaki, alhali sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan.

Na ce, "Baba, wannan wahala haka?"

Ya ce, "Ɗiyata, jikokina ka cin waken baɗi. In da dahi ciki, gara ki gano shi tun bana."

Na sa safar hannu na tuge waken har saiwa na zuba a akwatin ƙarfen, yana tsaye yana kallo. Geron da na zo da shi ya ƙi karɓa, sai da na ce na jikokin ne.

Da la'asar muka iso gida. Bayan kwana huɗu na'ura ta nuna maganin ya fi tsayawa a ganye, kaɗan ya kai ƙwaya, na aika masa da albishir. Tafiyar ta koya mini cewa sunana kaɗai takardar sakamako za ta ɗauka, amma mu biyu muka yi aikin, kuma shi ya yi nasa da yunwa.