Aron Safaya a Hanyar Gwaram

A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka turo Barnabas Birnin Kudu. Malamin asibiti ne, ɗan wani ƙauye a tsaunukan Filato. Ya zo da matarsa Rebecca, da akwatin ƙarfe, da niyyar yin shekara biyu ya koma gida. Shekara biyun nan har yau ba ta cika ba. A nan aka haifa masa 'yarsa Lilian, a nan ya yi furfura, a nan kuma ya binne Rebecca.

Aikinsa zagayen ƙauyuka ne, allurar rigakafi da duba masu zazzaɓi, daga Sundimina har Zandam. Yana da wata tsohuwar Fijo da kowa ya san tarinta tun kafin ta ɓullo, kuma ba a taɓa ganinsa shi kaɗai a cikinta ba. Mai ƙwaryar nono, mai akuya, tsohuwa mai zuwa barka, duk wanda ya ɗaga hannu sai Likita ya taka birki. Likita suke ce masa. Ya gaji da gyara musu, ya bar su.

Direbobin hanyar Gwaram suna da wata al'ada. In tayarka ta yi faci, safayarka kuma ta sace, na bayanka zai tsaya ya ciro tasa ya ba ka. Ka ɗaura, in ka isa tasha ka bar masa a wurin mai faci. Ba a tambayar sunanka, balle garinku ko addininka. Barnabas ya ara, an ara a wurinsa, kuma a ransa wannan ne ya mai da shi ɗan gari.

A irin wannan jiran ne ya haɗu da Maikano, manomi mai 'yan shanu a Dingaya. Maikano ya tarar da shi a bakin burji yana zufa, ya kawo masa fura, ya zauna yana taya shi hira har mai safaya ya iso. Tun daga nan Asabar ta zama tasu. Bayan rasuwar Rebecca, ƙofar gidan Maikano ce kaɗai inda Barnabas yake yin magana mai tsawo. Sauran kwanakin daga shi sai rediyo, sai kujerarta da ya kasa ɗaukewa daga baranda.

Da ya yi ritaya, Fijo ma ta yi tata. Ya sayar wa 'yan gwangwan, amma ya cire wili ɗaya, ƙarfen da ake ɗaura wa taya, ya kai wa abokinsa. Maikano ya mai da shi murhu, suna dafa shayi a kai.

Lilian tana aiki a Abuja, ta yi ta roƙo ya koma wurinta.

"In tafi in bar uwarki a nan ita kaɗai?" in ji shi.

Da ta ga ba zai motsa ba, sai ta ce to ya je Kano ya zaɓi mota mai kyau, ita za ta biya. Ya je, idonsa ya faɗa kan wata ƙaramar jif ta hannu, baƙa, mai kujerun fata da gilashi mai duhu. Ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya gwada giya, duk abin da Fijo ta koya masa. Da ya nemi safaya, dillalin ya ce irin waɗannan ba sa zuwa da ita. Barnabas ya yi dariya, ya shiga kasuwar kayan mota ya sayi wata. Ya ƙirga ramukan noti: na jif biyar, na wannan biyar. Ya jefa ta a but, ko gwadawa bai yi ba.

Motar ta yi kyau, wannan ba gardama. Sai dai da ya kai ta juyen mai wurin Sada, bakaniken da ya saba wuni a garejinsa, Sada ya buɗe bonet ya rufe.

"Likita, wannan ta fi ƙarfina. Sai Kano, sai an jona mata kwamfuta."

Zaman gareji ya ƙare ke nan. A hanya kuma mutane in sun hango jif sai su ja gefe, a zatonsu wani ɗan siyasa ne. Ba mai ɗaga hannu. Ya kan sauke gilashi ya rage gudu yana leƙen fuskoki, amma kafin su gane shi ya wuce. Mutum ga sanyin mota ga kujera mai laushi, yana tafe kamar wanda aka kulle a ɗaki. Abin ya dame shi ƙwarai, bai gaya wa Lilian ba.

Wata Laraba da hantsi Jafaru, babban ɗan Maikano, ya kira shi.

"Baba Likita, jikin Baba ya rikice tun asuba. Ya ce ba zai shiga motar kowa zuwa asibiti ba sai taka. Kai yake ta kira."

Barnabas ya fita ko hula babu. Ya wuce Gwaram, ya sauka kan burji, bai yi nisa ba wani dutse mai kaifi ya yage masa tayar gaba ta gefe. Ya sa jak, ya kwance, ya garo safayarsa. Rami ɗaya ya hau, sauran suka kauce da ɗan kaɗan, abin da bai kai faɗin farce ba. Ya juya ta, ya sake juyawa. Biyar ɗin dai biyar ne, amma tazarar da ke tsakaninsu daban.

Motar haya ta farko da ta zo ta tsaya, direban ya leƙo.

"A'a! Likita? Ashe kai ne a cikin wannan?"

Ya ciro safayarsa, ba ta shiga ba. Wani mai lodin buhunan gero ya sauke kaya don ya zaro tasa, ita ma ta ƙi. Kowa ya zo da zuciya ɗaya, kowa ya koma da tayarsa yana ba shi haƙuri. Barnabas kuwa, da taurin kan mutumin da hanya ba ta taɓa ba shi kunya ba, ya yi ta cewa ta gaba za ta yi. Mota ce Maikano yake jira, in ji shi, yaya zai je masa hannu sake? Wayarsa ba sabis. Sai da rana ta take tsaka ya haƙura, ya bar jif a kan jak ya hau acaɓa.

Tun daga nesa ya hango maza suna dawowa ta hanyar maƙabarta, ƙafafunsu da jar ƙasa. Bai tambayi kowa ba.

Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Ya yi wa Jafaru gaisuwa da kalmomin da ya koya a bakin mamacin. Can sai Azumi, matar Maikano, ta yi magana daga bayan zana.

"Malam Barnabas, sannu da hanya. Ya ce a bar ƙofa a buɗe don ya ji ƙarar motarka. Na ce masa wannan sabuwar ai ba ta da ƙara. Sai ya yi murmushi ya ce, to ku saurara da kyau."

Barnabas ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan hannayensa masu baƙin taya. A gefen tabarmar an ɗora tukunyar shayin 'yan zaman makoki a kan tsohon wilin Fijo. Jafaru ya zuba kofi ɗaya ya miƙa masa, ya kuma zuba na biyu kamar yadda ya saba yi kowace Asabar, sannan ya tsaya riƙe da shi.