Ba Wanda Ya Tambayi Baba Sai Direba

Muna cikin tasi daga Mararaba ƙanwata ta kira: ambaliya ta cinye gonar Baba.

Na faɗa a fili, don a Abujan nan ba ni da wanda zan faɗa wa.

Na kusa da ni ya ce sakacin jam'iyya mai mulki ne. Na gaba ya juyo a fusace, wai sauyin yanayi ne, ko'ina haka ake. Har Wuse suna musu ta saman kaina.

Zan sauka direban, wani dattijo ɗan Filato, ya ce, "Oga, sannu fa. Baba dai yana lafiya?"

Sai lokacin hawaye suka zubo min.

Jama'a, yaushe jam'iyya ta fara riga jaje zuwa bakinmu?