Kore da Ruwan Ƙasa

A unguwarmu Mai Waya ake ce wa mijina. Shekara goma sha bakwai yana shiga gidajen mutane yana ja musu wayar intanet daga ɗaki zuwa ɗaki. Jan wayar, in ji shi, kowane ƙato zai iya. Gwanintar tana wajen sa kai, wato ɗan robar nan da ake maƙalawa a bakin waya a cusa a bayan kwamfuta. In ka feɗe wayar, ƙananan wayoyi takwas ne a ciki, kowacce da launinta da gurbinta. Ka jera su, ka daidaita bakinsu, ka zura a cikin kan, ka matse da filaya. In ɗaya ta shiga gurbin 'yar'uwarta ka yi aikin banza, sai dai ka yanke kan ka jefar, don ba ya sake buɗuwa.

Jerin launukan ya mayar da shi waƙa: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Yana wanka yana rerawa, da wata murya da ko kazar maƙwabta ta fi ta daɗi. Har ni ma ina wanke-wanke sai in tsinci bakina yana yi, in ji haushin kaina. Mutum ne mai kirki, amma akwai taurin kai da cika baki. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa ko idonsa a rufe zai sa kai. Na sha ce masa ya bar wannan magana, bai ji ba.

Bara idon ya fara. Likita ya ce yanar ido ce a duka biyun, sai an yi aiki, kuma layi ya kai wata biyar. Abin da ya fara ɓace masa kore ne da ruwan ƙasa, duk suka koma masa launi ɗaya kamar ruwan wanki. Ya hana ni faɗa wa kowa, musamman kamfanin da ke tura shi gidaje. Da aikin nan muke ci, mu da yara uku da mahaifiyarsa, kuma bai iya wata sana'a ba.

Sai muka shiga dabara. Kullum da safe mu zauna bakin taga, ya feɗe, in nuna masa wacce ce wacce, ya matse, ya tafi da wayoyi shiryayyu a jaka. Amma waya mai kai ba ta wuce ɗan ramin da ake hudawa a bango. Dole a zura ta haka nan, a sa kan a can, mai gida na tsaye a kansa yana tambaya ko an kusa. Na'urar gwaji kuwa, mai fitilu takwas da ke kamawa bi da bi in aiki ya yi daidai, ita ma ya daina ganin lambobinta. Cikin mako biyu gida uku suka kai ƙara.

Ranar Alhamis manaja ya kira shi. Ya ce ba ya son yarda da abin da ake faɗa, amma ranar Litinin ya zo ofis ya sa kai ɗaya tak a gabansa.

Lahadi da hantsi ya shimfiɗa jarida a tebur, ya zuba kawuna goma a faranti.

"Maman yara, yau kada ki nuna min komai," in ji shi. "Ke dai karanta min fitilu."

Na farko ya fita daidai. Ya yi dariya, ya ce in je in gaya wa likitan nan ya riƙe wuƙarsa. Na biyu fitilar ta tsallake daga biyu zuwa bakwai. Na uku ma haka. Na huɗu daidai, amma wannan karon bai yi dariya ba. Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya haska da fitilar wayarsa, ya fita tsakar rana ya tsuguna yana kai wayoyin har kan hancinsa. Ya dawo gumi na ɗiga kan jaridar, wayar sai gajarta take yi saboda yanka.

"Caca nake yi," ya ce a hankali. "Ko da ya fita daidai, ba ni na yi ba."

Na tara ya ɗauki lokaci a kansa, yana shafa wayoyin da babban yatsa kamar za su faɗa masa sunansu. Ya matse, ya miƙo min. Ɗaya, biyu, bakwai. Wallahi na so in yi masa ƙarya, kalmar har ta zo bakina. Sai na hango shi gobe a ofis, yaran da shi ya koya wa aikin suna kallonsa.

"Sun saɓa, Baban yara."

Tunda nake da shi ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba. Can sai ya turo min farantin da kai ɗayan da ya rage, ya ɗora filayar a kai, filayar da ko ɗansa bai taɓa bari ya taɓa ba.

"Ai kin iya waƙar. Yi."

Na feɗe, na jera ina rerawa ƙasa-ƙasa, na zura, na matse da hannu biyu. Fitilu suka bi layi daga ɗaya har takwas, ba wadda ta tsallake. Daga numfashina ya gane an dace.

Ya karɓi wayar, ya shafa kan, ya ɗan ja shi. Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba.

"Rigar wayar ba ta shiga cikin kan sosai ba, wata biyu za ta saki," ya ce. "Ki riƙa rage feɗewa. Gobe ki sa takalmin da za ki iya hawa tsani da shi. Manaja kuma ki bar ni da shi, da bakina zan gaya masa ba na gani."