Kwamfutar Darmanawa

Ni fa ba wanda ya zaunar da ni ya koya min kwamfuta. A shagon gyaran waya na yayana a Gyaɗi-Gyaɗi na koya, da bidiyo da tambaye-tambaye a intanet. Har na goge tsarin da ya zo da laftof ɗina na ɗora na kyautan nan, wanda mutanen duniya suke haɗuwa su gina, kowa ya kawo nasa. Rumbunsu cike yake da manhajoji, layi ɗaya za ka buga abu ya sauko.

Abu ɗaya na nema na rasa: 'yar manhajar da ke karanta inbata ta gaya maka cajin batirin sola. Tana nan a intanet, sai dai ba wanda ya shirya ta a fakej, wato ƙunshin da suke karɓa, ya shigar rumbun. Na ce to, ni zan yi. Sati uku ina fama, na ishi kowa a shago da zancen, har ya yi aiki. Lokacin saura kwana goma su rufe karɓar sababbi, in na makara kuma sai an daɗe.

Sai wata mata cikin masu duba aikin ta rubuto min cewa wani ya riga ni kama wannan aikin, kuma a ƙa'idarsu ba a karɓe aikin mutum matuƙar yana motsi. Ta nuna min shafin gwaji. Duk Juma'a ƙarfe uku na rana saƙonsa yana fitowa, da Hausa, a tsakiyar tulin Turanci: "An gwada, lafiya lau." A bayanin kansa ya sa unguwar Darmanawa, nan cikin garinmu.

Murna kamar me, ashe ɗan gida ne. Na tura masa imel, yallaɓai sama yallaɓai ƙasa. Shiru. Na sake, shiru. Juma'a ta zo, ƙarfe uku daidai: "An gwada, lafiya lau." Na ji haushi, wato yana nan, raini ne kawai.

Da na faɗa wa mai haɗa sola na kusa da mu sunansa, ya gane shi, ya ce ai injiniya ne, rabonsa da shi an kwana biyu. Ya kwatanta min gidan. Ranar Asabar da hantsi na hau adaidaita.

Wani dattijo na tarar a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, wajen injiniya na zo."

"Abokinsa ne kai?"

"A intanet muke aiki. Ko jiya na ga saƙonsa."

Ya ɗago ya dube ni. "Jiya," ya ce. "Ni ne mahaifinsa. Watansa bakwai da rasuwa."

Na yi masa ta'aziyya, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya tashi ya ɗauko makulli, na bi shi. Tun kafin ya buɗe ɗakin nake jin 'yar ƙarar fanka a ciki. Hularsa tana kan kujera, silifa a gefen gado. A kan tebur wata 'yar kwamfuta, ba ta fi tafin hannu ba, a jone da inbata, koriyar wuta tana ƙiftawa. Marigayin ne ya saita ta take gwaji da kanta duk sati tana turawa. Na gane hakan sarai, amma na kasa ɗauke ido daga kanta.

"Baba, da za a kashe ta, sai su san ba ya nan su ba ni aikin."

"A'a. Ba a raba gado ba, dukiyar marayu ce. Ko allura ba mai taɓawa a ɗakin nan." Ya juyo gare ni. "Me yake cewa a saƙon?"

Na miƙa masa waya. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali.

"Haka yake faɗa in ya gama gyara," ya ce, ya ja ƙofar ya kulle.

Na koma shago na rubuta wa matar nan. Na sha wuya wajen yi mata bayanin gado da Turancina. Ta yi ta'aziyya, ta mayar da aikin hannuna. Saura kwana biyu a rufe, fakej ya shiga.

Na buga layin nan ɗaya, ya sauko, cajin batirinmu ya fito a allo. Yayana ya leƙo.

"Malam injiniya, wata guda ka hana mu sakat, yau kuma ka yi gum?"

"Ya shiga, Yaya," na ce, na jawo wayar da aka kawo gyara.