Iya Fumfuna da 'Yan Kunyarta

A tashar binciken tsirrai kowa Iya Fumfuna yake kiranta, har ta daina waiwayawa in an ambaci sunanta na yanka. Aikinta a ɗakin gilashi shi ne sa wa tsiro ciwo. Da ɗan buroshi mai laushi takan lakato farar hodar fumfuna daga ganyen waken da ya kamu, ta shafa wa lafiyayyu, tukunya bayan tukunya. A wancan zamanin farar riga mai sitaci ake sawa, ita kuwa tata kullum a goge take.

Dokta, shugabar binciken, ta taɓa nuna mata abin a madubin ƙara girma. Kowace ƙwayar halitta da ke cikin ganye tana da katanga, fumfuna kuma sai ta huda katangar take shiga. Wani waken yakan yaɓe hujin daga ciki tun ba ta ratso ba, wani sai ɓarawo ya shigo yake farkawa. Gado ne, in ji Dokta, a cikin iri yake.

Akwai wani layi na gajerun wake da fumfuna ba ta taɓa cin galabarsu ba. Iya ta sa musu 'yan kunya, don ganyensu a dunƙule yake. Ita ta shuka kakanninsu. Tun da mijinta ya rasu, su take fara gaisarwa da safe, don a gida ba mai amsawa sai rediyo.

'Yarta da ke aure a nesa takan bugo waya. "Iya, furfura ta cinye miki kai kina can kina renon fumfuna. Ki taho mana."

"Ke dai riƙe mijinki. Ni ina da yara a nan."

Ana gab da ritayar Iya, Dokta ta tsaya a kan layin waken. "Iya, 'yan kunyarki ba za su je gona ba. Ko babu cuta yaɓe suke yi, ƙarfinsu duk a katanga yake ƙarewa. Dubi 'ya'yan, ko cikin tafi ba su yi."

"Ai ba su taɓa kamuwa ba, ranki ya daɗe."

"Gaskiya ne. Amma manomi ba katanga zai ci ba."

Iya ta roƙi ɗan iri ta shuka a bayan ɗakinta. Dokta ta girgiza kai, ba don rowa ba: doka ce, abin da ya zauna da cutar ba ya fita sai ta tukunyar tururi mai kashe cuta da iri baki ɗaya. Amma ta ɗebi irin a ambulan ta kai ɗakin sanyi. "Muddin da sanyi, suna nan da ransu."

Da aka zo tuge 'yan kunyar, Iya ba ta bar wa kowa aikin ba. Da hannunta ta cire su, ta zuba a tukunyar, ta ɗaure murfin, ta rataye rigarta a ƙusa.

Ba ta koma wurin 'yarta ba. Har yanzu takan biyo ta ƙofar tashar, ko da ba hanyarta ba ce. Ba ta shiga, don katinta ya daina aiki. Sai ta tsaya gaban maigadi.

"Sannu da aiki. Akwai wuta a ciki?"

"Akwai, Iya. Injin ɗakin sanyin ma lafiyarsa ƙalau."

Sai ta gyaɗa kai, ta gyara mayafi, ta kama hanyar gida.