Littafi Na Uku Da Ya Zo A Jirgin Kano

Shekarun baya, wajen farkon shekarun casa'in, na gama makarantar horon malamai na dawo gidanmu a Kafanchan ina jiran a ba ni aiki. Duk wanda ya taɓa zaman jiran aiki ya san yadda wuni yake tsawo. Ni abin da ya cece ni shi ne littattafan soyayya, irin waɗanda suka fara shigowa daga Kano a lokacin, sirara masu zanen hannu a bango. Akwai wani mai tebur a bakin kasuwa da yake ba da hayarsu. In dai kun ga na yi wanka da hantsi na yafa mayafi, to wurinsa za ni.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta ƙaunar ta gan ni da su. "Duk wahalar da aka sha a kan karatunki," take cewa, "a ce kin ƙare a karanta ƙarya?" Ita sana'arta citta. A sayo ɗanya daga ƙauye, a tsaga, a shanya, a cika buhu. In kaka ta yi, tsakar gidanmu cike yake da mata masu tsaga, kowace da wuƙarta. Wata rana Inna ta gaji da ganina a kwance, ta ce in fito in kama aiki. Na fito da kumburarriyar fuska. Ban cika ko rabin kwano ba na yanke ɗan yatsa, na hau ihu kamar an cire min hannu. Matan suka yi ta dariya, sai babbar cikinsu ta ce, "Inna, wannan hannun na biro ne. Ki bar ta ta karanta mana abin da ke hana ta fitowa, ko aikin ya yi mana sauri."

Inna ta taɓe baki, amma ba ta hana ba.

Labarin wata yarinya ne mai aikin jinya, maza biyu suna nemanta. Ɗaya malamin firamare ne mai keke, shiru-shiru, ba ya iya kallonta ido cikin ido. Ɗayan direban babbar mota ne, mai fara'a da daɗin baki, kowace tafiya sai ya kawo mata tsaraba. Ni kuwa da na ga na samu masu sauraro, sai na ɗauki abin da zafi. In malamin zai yi magana in ƙanƙance murya, in direban ne in buɗe maƙogwaro har da tari. Yanzu in na tuna kunya nake ji, amma a lokacin gani nake gidan rediyo sun yi asarar rashina.

Kafin mu gama littafi na ɗaya, Innar da ke cewa ƙarya ce ta dawo ita ce mai kirana. "Ke, la'asar ta yi, ina littafin? Ba wai don ni ba, matan nan ne suke jira." Kuma ba ta ɓoye ɓangarenta ba. Ita ta malamin ce ɗari bisa ɗari.

A nan sai na ɗan koma baya, don ku gane abin da ya biyo.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wasu mutanen Zonkwa, Kiristoci. Maigidan ma'aikacin reluwe ne da ke bin jirgi, matar kuma muna kiranta Maman Biyu saboda tagwayenta. Tun ina ƙarama ita da Inna ba a jin kansu. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin katangar da ba ta rufuwa. Ta nan abincin Sallah yake wucewa, ta nan shinkafar Kirsimeti take shigowa, ta nan ake aron turmi da gishiri. A bayan Maman Biyu na yi rabin goyona. Kuma kullum cikin musu suke, a kan farashin manja, a kan wadda ta fi iya miyar kuka, a kan komai.

Sai rikicin da kowa ya sani ya faɗa wa garinmu a ƙarshen shekarun tamanin. Ba zan tsaya a kansa ba. Su suka tafi Zonkwa, mu ma muka bar gida na wani lokaci. Da kowa ya dawo, an yi asara ta ko'ina, kuma mahaifina ya sa kwanon rufi ya toshe 'yar ƙofar, wai don tsaro. Tsakanin gidajen biyu ba wanda ya yi wa wani komai. Amma magana ta mutu. In sun haɗu a famfo, "Sannu." "Yauwa, sannu." Shi ke nan. Kowace tana jiran ɗayar ta fara, har abin ya zama shekaru. Na sha ganin Inna ta zuba abincin Sallah a kwano, ta rufe, ta tsaya tana kallon katangar, sannan ta miƙa wa wani yaron daban.

To, muna cikin littafi na biyu, wata la'asar, aka zo wurin da wani ya kai ƙarar malamin wurin iyayen yarinyar, kuma kowa yana zargin direban. Direban ya zo yana rantsuwa ba shi ba ne. Ina tsakiyar rantsuwar da muryata ta maza, Inna ta ajiye wuƙa ta ce, "Ƙarya yake yi. Duk namijin da ba ya kwana biyu a gida, bakinsa ba abin yarda ba ne."

Sai muka ji murya ta faɗo daga bayan katanga.

"Haba! Direban nan bai yi ƙarya ba! Malamin ne munafuki, yana shiru-shiru kaman bai san komai ba. Yarinyan nan in yana da hankali, direba zai aura!"

Maman Biyu ce, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. Ashe tun ranar farko take jawo kujera ta zauna a gindin katangar tana tsince wake tana saurare.

Inna ko tunani ba ta yi ba, ta juya ta ɗaga murya. "Ke dai daman haka kike! Don mijinki yana bin jirgi shi ne za ki kare masu yawo?"

"Mijina yana yawo, amma ya taɓa miki ƙarya?"

"Ni na ce mijinki? Direba nake magana!"

Kamar sai a lokacin duka biyun suka ji muryoyin kansu. Wuƙaƙe suka tsaya. Ni ma na tsaya da littafi a hannu, don ban san inda abin zai nufa ba. Can sai muka ji ƙaramar dariya a bayan katanga. Inna ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Ta goge ido da bakin zane, ta ce wai yajin citta ne.

"To," ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "in za a yi musu ai ba a yi da katanga. Ki zagayo."

Ba ta zagayo ba. Ji muka yi ana dukan kwanon nan da taɓarya. Matan suka tashi suka taya ta ɓamɓara daga namu gefen, sai ga Maman Biyu ta sunkuyo ta shigo, da tiren wakenta a hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai, ɗiyana, ka girma haka?" Ta zauna kusa da Inna kamar jiya ta tashi daga wurin. Ba wadda ta ba wata haƙuri, ba wadda ta tada zancen baya. Inna ta tura mata wuƙa kawai, ta ce da ni, "Ci gaba."

Da mahaifina ya dawo ya ga kwanon a jingine, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Daman ya yi tsatsa." Ya wuce ɗakinsa.

Matsalar da ta biyo baya ita ce littafi na biyu ya ƙare a daidai inda yarinyar ta buɗe baki za ta faɗi wanda ta zaɓa. Na ruga wurin mai tebur, ya ce na uku bai iso Kafanchan ba. Na tambayi ƙawayena kaf, babu. Gidanmu ya koma kamar kotu. Matan citta sun rabu biyu. Har wata Bafulatana da ke kawo mana nono, wadda tsakiyar labarin kawai ta tarar, sai ta sauke ƙwaryarta a ƙofa ta tambaya, "Har yanzu yarinyar ba ta yi magana ba?" Ita ra'ayinta a bar su duka biyun, tunda ba wanda ke da ko akuya.

Ni a raina tsoro nake ji. Gani nake in labarin ya tsaya, zumuncin ma zai iya tsayawa, don har lokacin littafin ne kaɗai abin da suke magana a kai.

Maman Biyu ce ta samo mafita. Mijinta zai bi jirgi zuwa Kano. Ta sa na nuna masa bangon na biyu, ta ce masa, "In ba ka kawo na uku ba, ka wuce Zonkwa kawai, kar ka sauka a nan." Dattijo ne mai kamun kai, mai wa'azi a cocinsu wani lokaci. Daga baya ya ba mu labarin yadda ya yi ta zagaye kasuwa da kakin reluwe yana tambayar littafin soyayya, samari masu shago suna ce masa, "Baba, amarya za a yi ne?"

Ranar da jirgin ya dawo, tun da muka ji kukansa daga tasha ba wadda ta ƙara tsaga citta da hankalinta. Mijin Maman Biyu ya shigo ta 'yar ƙofar da littafin a aljihu, yana wani murmushi da bai saba ba. Matarsa ta ƙura masa ido.

"Ka karanta!"

"Hanya da nisa," ya ce. "Amma ku gaya mini, wannan direban, tun farko me ya..."

Bai ƙarasa ba. Inna ta toshe kunnuwa tana salati, matarsa ta fizge littafin, matan citta suka raka shi da ihu har ya koma gidansa yana dariya. Muna jinsa ta bayan katanga yana cewa, "Ni dai na san wanda ya aura!"

A zama ɗaya muka cinye littafin, har muryata ta dushe. Ashe direban gaskiya yake faɗi, ba shi ya kai ƙarar ba. Maman Biyu ta miƙe ta taka rawa tana cewa, "Na gode wa Ubangiji! Ban faɗa ba?" Amma a ƙarshe direban da kansa ya janye, yarinyar ta auri malamin. Sai Inna ta rangaɗa guɗa, abin da ban taɓa jin ta yi ba ko a bikin dangi. Sannan duka biyun suka haɗu a kan marubucin. Maman Biyu ta ce ya cuci bawan Allah mai gaskiya. Inna ta ce ya ɓata wa malamin suna a banza kafin ya ba shi mata. Daga nan musun ya zame ya koma kan auren 'ya'yansu, daga can ya faɗa kan manja, har aka kira magariba suna abu ɗaya. A nan hankalina ya kwanta, don na ga sun daina buƙatar littafin.

Ba da daɗewa ba aka tura ni koyarwa wani ƙauye wajen Samarun Kataf. Ƙanwata ta gaji karatun la'asar, ko da yake Maman Biyu ta ce ba ta iya muryar maza kamar ni ba, kuma har yau ina riƙe da wannan yabon.

Yanzu ina ganin yadda kuke kacamewa a wannan dandalin namu na masu karatu a kan sababbin littattafai, wannan ta ce marubuciya ta kyauta, waccan ta ce ta ɓata ƙarshen, wani kuma ya shigo ya ce duk ɓata lokaci ne. Ba zan ce littafi ya gyara garinmu ba, don an sake shiga wasu wahalhalun bayan nan. Abin da na sani shi ne, akwai mutanen da suke son junansu amma sun rasa kalmar farko, kuma wani lokaci sai an ba su wani abu can daban da za su yi musu a kai kafin bakinsu ya buɗe. Na yi shekaru ina karanta wa yara littafi a aji, wasu manya-manya masu lambar yabo. Amma in aka tambaye ni sauti mafi daɗi da karatu ya taɓa jawo min, ba tafi ba ne. Muryar tsofaffi biyu ce suna faɗa a tsakar gida, kowace ta rantse ba za ta yarda ba, kuma ba wadda ta tashi ta tafi.