Alwalar da Na Yi a Kan Dutsen Ƙanƙara

Asabar: daga Plumstead zuwa kan dutse

Ƙarfe huɗu da minti goma na asubahin Asabar muka kulle ƙofar gidanmu a Plumstead. Mu huɗu ne: ni, da maiɗakina Hajiya Rabi, da 'yarmu ta fari wadda likita ce, da mijinta Nura. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka Uwani nake ce mata. Ita da mijinta ne suka shirya tafiyar, wai in huta bayan shekara ashirin da shida ina tuƙa bas a London. Na ce hutu a cikin ƙanƙara ba hutu ba ne. Aka rinjaye ni.

Mai tasi ya makara da minti bakwai, na kuwa gaya masa. Mun yi sallar asuba a Gatwick, jirgi ya tashi bakwai saura minti ashirin, muka sauka Geneva tara da kwata a agogonsu, wanda ya riga namu da awa ɗaya.

Wata ƙaramar bas ce ta ɗauke mu zuwa ɓangaren Faransa. Direban Balaraben Maroko ne. Ya dubi takalmina na zuwa masallacin Juma'a, ya ce, "Alhaji, da wannan za ka hau dutse?"

Na ce, "Kai dai ka dubi hanya."

A gindin dutsen 'yan sanda suka tsayar da mu sai da aka ɗaura wa tayoyi sarƙa. Tafiyar ta ci awa biyu da minti hamsin, rabinta kwana ce bayan kwana. Tuƙin yaron ba laifi.

Masaukin gidan katako ne mai hawa biyu, har daɓensa ɗumi yake yi, ga mai dafa abinci namu na kanmu. An kawo kifi da dankali da narkakken cuku. Hajiya ta ɗanɗana, ta buɗe jaka ta fito da yajinta.

Bayan la'asar Nura ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya ajiye wata leda. "Baba, huffi ne, safar fata. Idan an yi alwala a gida an sa, sai shafa kawai a waje." Na ce an gode. Dole in faɗi yadda muke da shi. Shekara shida yana auren 'yata, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, maganarmu kuma ba ta wuce gaisuwa. Haka na ga mahaifina yana yi da surukansa a Funtuwa. Da ya fita na ce wa Hajiya, tun ina yaro nake wanke ƙafata, ba zan koma shafa da furfura ba. Na jefa ledar cikin akwati.

Uwani ta leƙo ta ce, "Baba, kana da ciwon suga. Ƙafarka ba ta jin abu kamar da. Kada ta jiƙe a waje, ko sau ɗaya."

Na ce na ji.

Lahadi da Litinin: koyo

An ba ni takalmin hawa ƙanƙara mai ƙarfi, da na zamiya mai nauyi kamar an ɗaura mini bulo. Darasin zamiya a kan ƙanƙara daga goma zuwa sha biyu. Ranar Lahadi na faɗi sau tara, Litinin sau huɗu. Hajiya tana zaune a baranda cikin bargo tana shan shayi, ita ke ƙirgawa.

"Alhaji, yaran Turawa 'yan shekara huɗu sun wuce ka."

"Su kusa da ƙasa suke, faɗuwarsu ba nisa."

Duk sallolin kwana biyun nan a masauki na yi su.

Talata: ƙololuwa

Sha ɗaya da rabi ni da Nura muka shiga akwatin gilashi da ke rataye a jikin waya, ya haura da mu ƙololuwa cikin minti ashirin da biyu. Matan suka tsaya a ƙasa. Shirin shi ne ya yi zamiyarsa, ni in zauna a gidan abincin da ke can in yi kallo. Allon bakin ƙofa ya nuna sanyi ya kai sha huɗu ƙasa da sifili.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar azahar ta yi. Na shiga bayan gida na yi alwala cikakkiya, ruwan kamar ana yanka ni. Takardar goge hannu ta ƙare. Na mayar da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa. Cikin gidan abincin ana ta kiɗa da shan giya, sai na zaga baya, na shimfiɗa sallaya a kan ƙanƙara, na cire takalmi na yi sallata. Daga nan ban koma ciki ba. Na tsaya a waje ina kallon duwatsu, abin da ban taɓa ganin irinsa ba.

Da farko yatsuna sun yi zogi. Can zogin ya daina, na ce alhamdu lillahi, sun saba.

Biyu saura kwata Nura ya biyo ya ce, "Baba, lafiya dai? Ba sanyi?" A lokacin na san ba na jin ƙafar hagu. Amma in dubi surukina in ce masa ƙafata? Na ce lafiya lau, ya je ya ƙara zamiyarsa. Ya tafi.

Biyu da rabi ya dawo. Na taka zan nufe shi, ƙafar ta ƙi, na dafa bango. Bai tambaye ni komai ba. Ya kama ni ya kai ni ciki, ya zaunar da ni, ya durƙusa ya fara kwance takalmin.

Na ce, "Kai, bari."

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Yau babu kunya."

Safar ta daskare. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi fari fat kamar kyandir. Ya matsa, ban ji ba. Ya kira Uwani a waya, ina jin muryarta tana cewa kada a murza, kada a kai kusa da wuta. Sai yaron nan ya buɗe rigarsa, ya cusa ƙafafuna a kan cikinsa ya rufe, a gaban Turawa fiye da hamsin. Na ga sanyin ya sa shi runtse ido. Haka ya riƙe su, a cikin akwatin gilashin ma haka, har muka sauka. Ni dai rufi nake kallo.

Ƙarfe uku da minti ashirin muna ƙaramin asibitin garin. Aka sa ƙafar a ruwa mai ɗumi rabin awa. Hajiya ta fito da man zafi, Uwani ta ƙwace.

Na ce, "Uwani, gaya mini gaskiya."

Ta ce, "Idan jini ya dawo, shi ke nan. Idan suka yi baƙi, mai suga ne kai, za a iya yanke su. Wani lokacin ba a tsayawa a yatsu."

Hajiya ta ce, "Ga huffi a akwati yana jin ɗumi, kai kana nan."

Na ci gaba da kallon ƙafata a cikin ruwan.

Laraba zuwa Juma'a: jira

An hana ni takawa. Sau uku a rana Uwani take buɗe bandeji: takwas, biyu, da bakwai. Laraba yatsun suka kumbura suka yi ja, da bororo mai farin ruwa, ga zafi kamar an ɗora garwashi. Na yi ƙorafi, ta yi dariya har da hawaye. "Baba, zafin nan shi muke roƙo." Alhamis da safe likitan garin ya soka mini tsinke a ƙaramin yatsa, na zabura na kusa harbinsa. Ya ce za su rayu.

Ranar nan da rana Nura ya kawo mini abinci zai juya. Na ce ya ɗauko cokali ya zauna. Ya dubi Hajiya, ta ce, "Zauna mana, ai cikinka ya riga ya san ƙafarsa." Muka ci a kwano ɗaya.

Asabar: gida

Mun bar masauki bakwai na safe, ina sanye da huffin. Direban nan ne dai ya zo, ya dubi ƙafata, bai tayar da zancen takalmi ba, na gode masa a raina. A Geneva keken marasa lafiya aka tura ni a ciki. Ƙarfe huɗu saura minti biyar na yamma na sa makulli a ƙofarmu ta Plumstead da yatsuna goma cif. Na gode wa Allah, na gode wa Uwani da mahaifiyarta, na gode wa Nura.

Yanzu 'ya'yanmu sun fara kai iyayensu irin waɗannan wurare. Roƙona ga mai karatu guda biyu ne. Idan za ka hau dutsen ƙanƙara, ka yi alwalarka a gida, ka busar da ƙafa, ka sa huffi, sauƙi ne da addini ya ba ka. Idan kuma surukinka ya tambaye ka ko kana jin sanyi, don Allah ka gaya masa.